Ɓera yana gane ƙa'ida ne, ko hadda kawai yake yi?

Kawu_Sule_Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Musu ne ya haɗa ni da ɗan ƙanwata da ke karatu a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, na ce sai na kawo shi nan a raba mu. Wai masana sun gwada sun tabbatar ɓera yana gane abin da ake nufi da "iri ɗaya" da "daban". Ba wai ya san wannan kifi ne wancan gyaɗa ce ba, a'a, wai ita kanta ƙa'idar yake riƙewa a ka, ko an kawo masa abin da bai taɓa cin karo da shi ba. Ni ban yarda ba. Dabba ciki da tsoro ne ke tafiyar da ita. Ɓera yana da wayo, duk mai shago ya san wannan, amma wayo daban, fahimta daban. Masu boko da malamai, me kuka ce?

HajiyaMaiYaji:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ban yi boko ba, amma ɓerayen kasuwar Kejetia sun karantar da ni. Ka ɗana tarkon ƙarfe, ka soka kan kifin banda a jiki, ka ajiye bayan buhun citta inda suke bi. Da safe za ka ga sawunsu cikin garin da ya zube: sun taho tiryan-tiryan, saura taki ɗaya su isa, sai su yi kwana su bi ta gefen bango. In Allah ya sa ya kama guda, shi ke nan, sauran sun yi masa yaji. Na kawo na katako, sun ƙi. Na shafa gam a kwali, sun ƙi. To wa ya faɗa musu na ƙarfe da na katako da kwalin gam duk tarko ne? Ai ba su kama da juna.

Fita_Suame:
Hajiya, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake. Tsoro ne ya yi masa yawa, ba ilimi ba.

Bashir_Tek:
Kawu, ashe har zaure ka kawo ni ƙara. To bari in faɗi yadda abin yake, kada a ce na ce ɓera ya zama malami.

Mma Hajiya, abin da kika gani haka yake, amma ba shi nake nufi ba. Ɓera yana ƙyamar duk sabon abin da ya tarar a hanyar da ya saba bi, tarko ne ko ba tarko ba. Wani masani a Glasgow mai suna Barnett ya rubuta wannan tun 1958: ko mazubin abinci aka canza wa ɓeran da ba a ɗakin gwaji aka haife shi ba, sai ya ƙaurace wa abincin, yunwa na cinsa. Ki ajiye tsohon takalmi a wurin tarkon, shi ma za su kewaye shi.

Gwajin da na ba Kawu labari a Amurka aka yi, a Jami'ar North Carolina ta Wilmington, Mark Galizio da abokan aikinsa suka buga shi a 2006. Kofuna ne cike da yashi, kowanne an cakuɗa shi da garin kayan ƙamshin girki irin wanda Mma ke sayarwa. A ce an fara ba ɓera kofi mai ƙamshin kirfa, ya tona ya sami ƙwayar sukari. Sai a kawo masa kofi biyu, ɗaya kirfa ɗaya kanumfari. Sukarin yana cikin wanda ya yi daidai da na farkon. Zagaye na gaba kanumfari ne na farko, don haka yanzu kirfa ce kuskure. Kun ga ba zai tsira da "kirfa tana da sukari" ba. Da ya ƙware, sai a kawo ƙamshin da hancinsa bai taɓa shaƙa ba. In hadda ya yi, zai koma lalube. Amma ɓerayen da suka kai wannan mataki sun riƙa zaɓar daidai tun karon farko. A 2011 an sake da juyin abin, wato ladan na ga wanda ya bambanta, nan ma suka iya.

Malam_Nuhu_Asawase:
Ɗana Bashir, Allah ya ƙara sani. Wannan ma'auni ba baƙo ba ne a wurinmu. Yaro zai biya maka allonsa tas ba tuntuɓe, amma sai ka buɗe masa shafin da bai taɓa gani ba ka ce ya haɗa baƙi, nan ake sanin ya iya karatu ko kunne ne ya ɗauka. In dai haka suka yi wa ɓeran, sun yi masa adalci.

Alhaji Sule kuma, kada abin ya dame ka ta fuskar addini. A Suratun Nahli Allah ya faɗi cewa ya yi wa ƙudan zuma ilhama. A Ma'ida hankaka ne ya nuna wa ɗan Adam yadda zai binne ɗan'uwansa, kuma a surar nan aka halatta farautar dabbar da aka horar, wato an tabbatar tana koyo. Abin da dabba ba ta da shi shi ne hankalin da ake ɗora wa hukunci. Ba za a tambayi ɓera gyaɗar da ya sata ba.

Abu_Sawaba:
Malam, da ana tambaya, na gidanmu wuta kai tsaye.

Fita_Suame:
Ni fa ina da magana. Dabbar da ke jin ƙamshin kifi ta cikin leda biyu, kun binne mata sukari a yashi kun ce wai ta gane ƙa'ida? Sukarin ta shinshino, ɗan'uwa.

Bashir_Tek:
Yaya, tambayar da duk mai bincike ke fara yi ke nan. Shi ya sa a irin wannan gwaji ake sa wasu zagaye da ba a binne komai a kowane kofi, sai ya zaɓa tukuna a jefa masa ladan. In sukari yake bi da hanci, a nan asirinsa zai tonu. Ana kuma juya kofunan dama da hagu ba tsari, don kada ya ce kullum dama.

Tica_Rabi:
Fita yana da hujjar yin shakka, domin an taɓa cin mutane da irin wannan. A Balin ta Jamus, farkon ƙarni na 20, akwai wani doki mai suna Hans da ake cewa ya iya lissafi. A tambaye shi uku a tara da biyu, sai ya buga kofato sau biyar. Mai shi, von Osten, malamin makaranta ne, kuma shi kansa ya yi imani da dokin. Sai Oskar Pfungst ya bincika ya buga sakamako a 1907: in mai tambayar bai san amsar ba, ko an rufe wa dokin ido, lissafi ya rushe. Ashe jikin mutane yake karantawa. In ya kai adadin, sai mai tambayar ya ɗan saki jiki ko ya ɗaga kai ba da saninsa ba, dokin ya tsaya. Ina ba ɗalibaina wannan labari duk shekara, don ni abin da dokin ya iya ya fi lissafin ban mamaki.

MaiTantabara_Alabar:
Ana ta ɓera ɓera, ga tantabara a gefe. Nawa suna kan rufin kwano, in na shigo lungu tun daga nesa za ka ji fukafukai, kafin in buɗe ƙofa sun cika tsakar gida, farar nan mai ɗigo a wuya har kafaɗata take sauka. Ƙanena tsawonmu ɗaya, ranar idi ya sa rigata da hulata ya shigo da kwanon dawa a hannu. Suka leƙo, suka karkata kai suna kallonsa da ido ɗaya, babu wadda ta motsa sai da ya watsa ya ja da baya. Ɓera ya yi wannan mu gani.

Bashir_Tek:
Yaya, a wajen ido ba a haɗa su. Ɓera ganinsa dishi-dishi ne, shi ya sa shekara da shekaru da ake gwada shi da fitilu da zane yake faɗuwa, har aka ɗauka daƙiƙi ne, sai da aka koma wa hancinsa. Tantabara kuwa tun 1964 Herrnstein da Loveland a Harvard suka nuna tana raba hotunan da akwai mutum a ciki da waɗanda babu, ko hoton sabo ne. A 1995 a Japan har zanen Picasso da na Monet aka koya mata rarrabewa.

Amma ga inda ba za ka ji daɗi ba. A gwajin "iri ɗaya ko daban" da Anthony Wright da Jeffrey Katz suka yi, in hotuna 8 kawai aka horar da ita da su, sai ta haddace su, a kawo sabo ta rikice. Sai an yi ta ninkawa har ɗaruruwa kafin ƙa'idar ta zauna. Birai sun rigaye ta kamawa.

MaiTantabara_Alabar:
Tantabarun Turawa ne. A kawo gwajin unguwarmu Alabar.

Abu_Sawaba:
Ku kuna maganar ƙananan ɓeraye. Gafiya fa? Wadda maƙwabtanmu ke kira kusie suna babbakewa a bakin hanyar Mampong, ita ce a Tanzaniya ta zama ma'aikaciya. Ƙungiyar APOPO a Morogoro tana horar da su shinshino nakiyar da aka binne. Nauyinta bai kai ya tayar da nakiya ba. Akwai guda mai suna Magawa da ya yi aiki a Kambodiya, ya gano nakiyoyi 71 kafin ya yi ritaya, an ba shi lambar zinariya a 2020, ya mutu Janairun 2022. Albashinsa ayaba da gyaɗa. Suna kuma shinshina kaki su nuna mai tarin fuka.

Direba_Tafo:
Gafiya da lambar zinariya, ni shekara nawa ina kan titin Tamale ko takardar yabo babu. Af, Malam, cin gafiya ya halatta kuwa? Yaran motata Musulmi ne amma na sha kama su suna ci.

Malam_Nuhu_Asawase:
Wannan ka same ni bayan Magariba, ba a nan ba.

Nas_Fati:
Kafin Malam ya ba da fatawa ga tawa. Na ga inda hirar nan ta dosa, gobe wani zai kama ɓera ya sa a kwali wai yana gwaji. Don Allah kada a yi. Zazzaɓin Lassa daga fitsari da kashin ɓera ake ɗaukarsa, kuma ba labarin Najeriya kaɗai ba ne, a Fabrairun 2023 an tabbatar da shi a Akra. Ɓerayen ɗakin gwaji tsatso ne da aka raina cikin tsabta, ba na kwata ba. A rufe abinci, a daina shanya garin rogo da masara a ƙasa, wanda tarko ya kama a ɗauke shi da leda a hannu.

HajiyaMaiYaji:
'Yata kin yi gaskiya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ke barin buhu a buɗe.

Amma Bashir ɗana, ka bar ni da abu a rai tun ɗazu. Ka ce ba tarko suka gane ba, sabon abu suke gudu. To takalmi da kwali da ƙarfe ba abin da ya haɗa su sai cewa jiya ba sa wurin. In ɓera ya san "wannan jiya babu shi", ba ita ce ƙa'idar taka ta daban da iri ɗaya ba?

Bashir_Tek:
Mma, wallahi kin taɓo inda masanan kansu ke jayayya. Wasu na cewa duk abin da ɓeran ke yi a gwajin kofuna shi ne jin "wannan yanzu na shaƙe shi" ko "wannan baƙo ne", kuma wannan ji ne kawai, kamar jin zafi da sanyi, ba sai an yi tunani ba. Wasu na cewa to ai tunanin ma daga nan yake tsirowa. Abin da ya fi ƙarfi shi ne a nuna wa dabba abu biyu tare, a ce ta nemo wasu biyun da dangantakarsu ta yi daidai. Misali ga da'ira biyu masu girma ɗaya, amsa ita ce murabba'i biyu masu girma ɗaya, ba babba da ƙarami ba. A nan sabo ba ya taimako. Hankaki biyu a Mosko sun yi wannan, an buga a 2015. Ɓera dai bai kai nan ba tukuna.

Akwai kuma wani na 2008 a mujallar Science, Murphy da abokansa a Ingila. Sun saba wa ɓeraye da jerin sauti uku, na farko da na ƙarshe iri ɗaya na tsakiya daban, shi ke nuna abinci na zuwa. Da aka sauya sautukan aka bar tsarin, sun fi sa ran abinci a kan tsarin da suka sani. Shi ma an yi musu a kansa, don tazarar ba ta da yawa.

Ummi_Nima:
Gaisuwa daga Akra. Babu wanda ya ambaci aku? Kakana a Nima yana da guda a keji bakin zaure, mai toka-toka da jan wutsiya. Yana sallama, yana kwaikwayon tarin Kaka har a fito da ruwa a guje. Amma abin da ya sa nake ganin ba kwaikwayo zalla ba ne, bai taɓa cewa "sai da safe" da rana ba, sai an ɗauko zanen rufe kejin.

Tica_Rabi:
Ummi, wannan zai iya zama ya haɗa zanen da kalmar ne kawai. Amma irin akun nan ne ya fi kowa suna a fagen. Irene Pepperberg ta sayi ɗaya a shagon dabbobi a Chicago a 1977, ta sa masa Alex. Za ta nuna masa abu biyu ta ce "me ya haɗa su?", ya ce launi, ko siffa, ko abin da aka yi su da shi. In babu, ya ce babu. Da kayan da bai taɓa gani ba ma yana ci. Ya mutu 2007.

Abin takaicin, dazuzzukanmu na nan ne gidansu. Binciken da Nathaniel Annorbah ya jagoranta ya nuna tun daga 1992 Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta, saboda kamu don sayarwa waje da sare manyan itatuwan da suke sheƙa. A 2016 aka haramta cinikin na daji tsakanin ƙasashe, bayan an gama kwashewa.

Direba_Tafo:
Shi ya sa. Da muna yara a hanyar Obuasi da yamma sai ka ji su garke-garke. Yanzu shiru.

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar Alhaji Sule. Wanda ya turo tallan maganin ɓera na goge, ba kasuwa ba ce nan.

Injiniya_Yalwa:
To ni bari in taya Kawu faɗa, amma da makamin Bashir. A 2001 Martin Giurfa da abokansa sun yi irin gwajin nan da ƙudan zuma. Hanya mai rassa biyu, a ƙofa an manna shuɗi ko rawaya, ruwan sukari na reshen da launinsa ya yi daidai da na ƙofa. Da suka iya, aka cire launi aka sa zanen layuka na tsaye da na kwance, suka bi ƙa'idar. Wasu ma da ƙamshi aka horar da su, suka ɗauko ta zuwa launi. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar zuma ba su cika miliyan 1 ba, na ɓera kusan miliyan 200, namu biliyan 86. A 2016 a Oxford, 'ya'yan agwagwa kwana ɗaya da ƙyanƙyasa, ba lada ba horo, aka nuna musu abu biyu iri ɗaya ko mabambanta suna yawo, daga baya 77 cikin 113 suka bi sababbin abubuwan da ke da irin dangantakar.

Ga tambayata. Abin da ƙwaro ke yi, ɗan agwagwan jiya ke yi, shi za mu kira fahimta? A 2018 wasu a Sheffield sun ƙera ɗan ƙaramin tsari a kwamfuta mai kwaikwayon ƙwaƙwalwar zuma, ya ci gwajin nan ba tare da wani sashen tunani ba. Ko dai fahimta ta fi arha fiye da yadda muke zato, ko gwajin ne ba ya auna ta.

Kawu_Sule_Aboabo:
Yauwa Injiniya, Allah ya yi maka albarka. Kun zagaya kun dawo inda na tsaya. Bashir, ka ji ko?

Bashir_Tek:
Na ji Kawu, amma ba inda ka tsaya ba ne. Kai cewa ka yi ciki da tsoro ne kawai. Ciki ne ya sa shi tona yashi, na yarda, amma ciki bai faɗa masa wane kofi ba ranar da ƙamshin ya zo sabo. Inda zan ba ka gaskiya shi ne iyakarsa kusa take. Ka koya wa ɓera cewa in ya ji citta ya zaɓi kimba. Ka juya, ka ba shi kimba ka ga ko zai nemi citta. Yaro ƙarami yana juyawa da kansa ba a koya masa ba. Ɓerayen Galizio ɗin nan dai an gwada su, ba su juya ba.

Malam_Nuhu_Asawase:
Injiniya, a ganina rashin girman ƙwaƙwalwa ba hujja ba ce a kan zuma. In ƙaramin abu ya yi babban aiki, sai a ƙara girmama wanda ya tsara shi, ba a rage wa aikin daraja ba.

Injiniya_Yalwa:
Malam ban musa ba. Sunan da za a ba aikin nake tambaya. Kalkuleta ma tana ba da amsa daidai.

HajiyaMaiYaji:
Ku dai ku yi ta yi. Ni Bashir zan tambaya, me ya sa magani ke cin su makon farko sannan ya daina?

Bashir_Tek:
Mma, ɓera ba ya iya amai, don haka sabon abinci ɗan kaɗan yake ɗanɗanawa ya jira. In cikinsa ya murɗa, ko bayan awoyi ne, ya haɗa ciwon da ɗanɗanon, ba zai sake ba. John Garcia ya nuna wannan tun shekarun 1950. Shi ya sa aka koma maganin da ke tsinka jini a hankali, sai bayan kwanaki yake kisa, ba ya gane me ya ci. Kuma suna shinshina bakin juna, abin da ɗan'uwa ya ci shi suka fi amincewa da shi, Galef a Kanada ya yi aiki a kai. Tarko kuwa, ki ajiye shi da kifin ba ki ɗana ba, sai kin ga sun fara cinyewa sun saki jiki, sannan ki ɗana da yawa dare ɗaya.

Nas_Fati:
Maganin kuma nesa da yara da kaji, kuma ba a cikin kwanon abinci ba.

MaiTantabara_Alabar:
Na dawo da rahoto. Na samo gwangwanayen madara, na rufe bakinsu da kwali, wasu na shafa jan fenti wasu shuɗi. In na ɗaga ja a tsakiya, dawa na ƙarƙashin jan. Farar nan tawa ta iya! Ina ajiyewa take tafiya kai tsaye ta ture kwalin da baki. Na kawo kore jiya, ba ta taɓa ganinsa ba, ta ci. Bashir ka faɗa wa Turawanka.

Tica_Rabi:
Wa ke zuba dawar, kuma ina kake tsayawa lokacin da take zaɓa?

MaiTantabara_Alabar:
Ni mana. Ina tsugune a gabanta.

Fita_Suame:
An samu dokin Jamus a Alabar.

Bashir_Tek:
Yaya kada ka ji haushi, ka yi ƙoƙari, amma gyara uku. Wani ne zai zuba dawar ba ka gani ba, kai ma kada ka san inda take. Dama da hagu a jefa kwabo, kada ka zaɓa da ka, don hannu yana da gefen da ya fi so. Sannan gwangwani mai dawa da marar komai ƙararsu ba ɗaya ba ce in an dire su, ka sa tsakuwa a ɗayan. Kore sau ɗaya kuma ba shaida ba ce, rabi da rabi ne ko makaho ya zaɓa. Sai launuka sababbi da yawa, kowanne a rubuta abin da ta yi a karon farko kawai.

MaiTantabara_Alabar:
Launi nawa ne a duniyar gaba ɗaya? Fentin ma roƙo na yi wajen masu rubuta allon shago. Kuma in ba ni a wurin ba ta sauka, na faɗa muku ba ta yarda da ƙanena.

Injiniya_Yalwa:
Ka tsaya a wurin amma ka juya baya, yaro ya ɗauka da waya. Ina da ragowar fenti kala huɗu a gareji, ka aiko a karɓa. Sharaɗina ɗaya, in ta faɗi ma a turo bidiyon.

Kawu_Sule_Aboabo:
Ni zan ba da dawar. In ta ci, na ƙara da buhun masara rabi. Amma tantabara ce fa, maganar ɓera tana nan ban janye ba.

Abu_Sawaba:
Kawu kada ka ajiye masarar a shagonka kafin ranar, ka san wa zai riga ta.